Rijiyar Arzika a Bayan Gidan Gabas

Filin ƙwallon nan na gabas da gari, tsohon nake nufi, ni na sace shi. Haka aka rubuta a takarda, haka aka karanta mini ina tsaye da igiya a ƙugu: wai Illa mahaƙin rijiya ya matsar da filin hukuma taku goma sha biyu ba da izni ba. To, ban musa ba. Ni na matsar da shi, da hannuna da gwangwanin toka, shekara huɗu ina yi babu wanda ya lura. Mutanen Tawa in sun ga ƙwallo ba sa duban ƙasa.

Mu gidanmu haƙar rijiya muka gada. Daga Kalfu har Takanamat, in ka sha ruwa mai sanyi a ƙasar Adar ka tambayi wa ya haƙa, ko ubana za a ce maka ko kakana. Muna da wata al'ada da ba kowa ya sani ba. In rijiya ta rufta da mutum har aka kasa ciro shi, ba a cike ta. Wa zai ɗauki dutse ya jefa wa ɗan'uwansa a ka? Sai a yi masa salla daga bisa, a jera itatuwa a baki, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a tara duwatsu don kowa ya kauce. Daga ranar kuma ba a sake ambaton rijiyar a cikin gida.

Shekarar fara, wadda yunwa ta biyo bayanta, ina da shekara goma sha shida. Wana Arzika yana ƙasa, gaba goma sha ɗaya, ni ke riƙe da igiya a bisa. Ya kira, "Illa, ja!" Ina cikin ja sai na ji ƙara kamar an zazzage buhun gero. Igiya ta yi nauyi, ta motsa sau biyu a hannuna, ta tsaya. Kwana uku muna tono ƙasa na ƙara zubowa, har babanmu ya ce a bari. Shi da kansa ya jera itacen aduwa a bakin rijiyar. Da muka gama tara duwatsu ya dafa kafaɗata ya ce, "Aduwa shekara talatin take yi a ƙasa, in gara ta yi mata mutunci. Ni ba zan kai ba. Kai za ka sabunta."

Ban manta ba, wallahi. Shekara talatin na cika, ga mu da sabuwar tuta, kowa na maganar 'yanci, ni kuwa na riga na sare itatuwana na jingine su bayan ɗaki. Sai aka kira ni aikin rijiya a Barmu. Na ce wata biyu ne, in na dawo in yi.

Na dawo na tarar babu duwatsu. Babu ƙaya, babu gonar da ke gefe, babu komai, an share wurin tas kamar masussuka. An kafa sanduna biyu a gabas da guda a bisansu, an kafa wasu a yamma, wai su ne gidaje, in ƙwallo ta shiga an ci. Ƙatti da gemu suna bin fata mai iska a guje, ba ko kunya! Na tsaya na auna da tsamiyar da ke kudu da kuma dutsen da ke arewa. Rijiyar Arzika tana taku takwas a gaban gidan gabas, daidai inda suke ajiye ƙwallo in za a buga wa mai tsaron gida shi kaɗai.

Za ka ce don me ban yi magana ba. Bari in gaya maka labarin Ciɗo, mai gonar da aka haɗa da filin. Shi ya yi magana. Ya je ya ce gonar kakansa ce, ya ɗaga murya a gaban mutane. Aka ce yana adawa da ci gaban ƙasa, aka sa shi a kamyo, babbar motar nan ta kaya, aka yi arewa da shi. Bayan wata bakwai ya dawo ba haƙoran gaba, in ka gaishe shi sai ya waiga tukuna kafin ya amsa. Wanda ya rubuta sunansa kuwa shi ne Alƙasum, wanda ake ce wa Mushe da Faransanci, malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka ɗora bisa sha'anin matasa. Dogo ne, da tabarau, da usur a wuya, da wani ɗan littafi baƙi a aljihun gaba. Filin nan shi ne abin alfaharinsa, shi ya auna shi da sarƙa, shi ya sa aka kwashe duwatsun. In na ce masa ya kafa filinsa bisa kabari, ai na ce ya yi kuskure ke nan a gaban gari. Tsoro na ji. Ba wani dalili, tsoro ne tsagwaronsa.

Sai na yi dabara, irin wadda na ɗauka wayo ce. Na je na durƙusa na ce ƙirjina ya gaji da shiga rijiya, a ba ni aikin filin. Ya ba ni. Ni ke tsince ƙarangiya da tsaida, ni ke cike ramukan da jakai suka yi, ni ke bi gidajen masu tuwo ina karɓar toka in tankaɗe in ja layi da ita ranar wasa. Babban abin kuwa, gara tana cinye sandunan gida sau biyu a shekara, kuma ni ke sauya su. Duk lokacin da na haƙa sabon rami sai in matsa yamma taku ɗaya da rabi, gidan gabas da na yamma duka, don tsawon kada ya canza. In share tsohon layi da tsintsiya in ja sabo.

Kada ka ɗauka ina barci a shekarun nan. Duk ranar wasa ina tsugune a kusurwa da gwangwanina, mutane na ihu an ci an ci, ni idona na bisa ƙafafu. Kowace safiya kuma in je in buga diddige a wurin in saurara, don mu da diddige muke jin ƙasa. Shekarar farko tana amsawa da nauyi. Ta biyu ta fara sauƙi. Ta uku in na buga sai ta ce dum, kamar tulu ba ruwa.

A shekara ta huɗu na kai taku goma sha biyu. Rijiyar ta fita daga cikin layi, ta koma taku huɗu bayan gidan gabas. Duk ƙayar da na tsince, da rassan bagaruwa da na saro, can nake jibge su, har wurin ya zama juji, ko akuya ba ta bi. Ranar da na ja layin ƙarshe na yi nafila raka'a biyu. Na ce a raina, Illa, ka yi maganin abin ba tare da ka buɗe baki ba. Har wani daɗi nake ji, ka ga wauta.

Shekarar ce aka fi kama mutane. Tun kakar da ta wuce aka ce wasu sun shigo daga kudu da bindigogi, daga nan gari ya rikice. Ka yi tari a taro a ce da manufa. Ka ƙi tafi lokacin da ake tafi, washegari matarka na kai tuwo gidan kaso. Surukina Manzo tela, mijin ɗiyata Zalika, sau biyu ana kiransa tambaya, don kawai ya taɓa zama Kano koyon ɗinki. Zalika ita kaɗai ta rage mini cikin 'ya'ya shida. Zabiya ce, ita ke ba da waƙa matan unguwa na amsawa, murya gare ta kamar ta uwarta, baki kuma ya fi na uwar. Shi ya sa ban taɓa gaya mata zancen rijiyar ba. Tana goye da jinjirarta Kadidiya, wata biyar.

Fet ta zo, wato bikin ƙasa, uku ga Agusta, shekara biyar da 'yanci. Aka ce manya za su zo daga Yamai, kuma 'yan Ƙonni za su buga da namu bayan la'asar. Kwana biyu kafin nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ranar fet da safe na buga diddige a gefen jujin ƙayata, ƙasar ba ta ma ce dum ba, wani ɗan rawa ta yi. Na ce ba komai, ai ƙaya na bisa, wa zai je can? Na tafi tankaɗe toka.

Da azahar na dawo da gwangwani a kai na tarar da fursunoni takwas suna kwashe ƙayar da cokulan itace. Saura kaɗan gwangwanin ya faɗi. Mushe Alƙasum na tsaye yana nuna musu da sanda.

Na ce, "Mushe, ina za a kai ƙayar?"

Ya ce, "Juji a gaban baƙi? Kai tsoho, ba ka da ido? Kudu inda mata ke tsayawa duk ruwa ya kwanta. Nan ya fi tudu, ya bushe. Nan za su yi rawa."

Tudu! I mana tudu ne, ai ƙasar da ni da Arzika muka fitar ce. Da na bar filin yadda yake, mutum biyu ko uku ne za su bi ta wurin a guje su wuce. Ni da wayona na fitar da rijiyar daga cikin layi, na share mata wuri, na miƙa ta ga mata arba'in masu dirka ƙafa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wurin ba shi da kyau."

"Me ya same shi?"

Na ce, "Akwai kunamu."

Ya yi dariya, fursunonin ma suka yi don ya yi. Sannan ya daina. Ya sa yatsa biyu a aljihun gaba ya ɗan ɗago littafin, iyakar in ga bakinsa. "Illa, kana da wata magana game da shirin fet?"

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Na ja layi ranar, layin ya fita kamar sawun maciji, ba wanda ya kula. Gari ya cika filin. Manya suka zauna a rumfa ta arewa bisa kujerun lakwal, jandarma shida tsaye a bayansu da bindigogi. Aka yi jawabi da Faransanci, muka yi tafi ba mu ji ba. Aka busa usur. Sai ga mata sun shigo a jere da ƙorensu na kiɗa, an sha lalle an sha sabon zane, aka nuna musu bayan gidan gabas. Zalika ta shiga tsakiya, don nan ne wurin zabiya. Na auna da tsamiya, na auna da dutse. A daidai bakin take tsaye, da jikata a baya.

Abin da na yi daga nan shi ne abin da ba na son faɗa, amma tun da na fara sai in ƙare. Na zagaya ta bayan mutane, na kutsa cikin matan, na kama hannunta.

"Zalika, zo mu je gida."

Ta dube ni tana murmushi, bakinta na kan waƙa. "Baba, lafiya?"

"Ba ni jin daɗi. Zo ki kai ni."

Ta sunkuyo kusa da kunnena. "Baba, dubi rumfa. Mushe idonsa na nan. In na bar waƙa a tsakiya ranar fet, gobe da safe Manzo za su ɗauka, ba ni ba. Ka zauna a inuwa, in an tashi in zo."

"Don Allah, ɗiyata."

"Haba Baba!" Ta zame hannunta ta ɗaga murya, mata suka amsa, ƙafa arba'in da arba'in suka sauka tare.

Na ji shi a tafin ƙafata. Ƙasar ta yi ƙasa ta dawo, kamar ka taka gadon kara. Na duba, ga wata tsaga siririya, ba ta fi kaurin zare ba, ta fito daga ƙarƙashin ƙafar wata tsohuwa ta lanƙwasa ta bi bayan wasu, zagaye take yi. Na tsuguna kamar mai gyara takalmi na sa bayan hannuna a kai. Iska mai sanyi ke fitowa. Da warin nan, warin ƙasan rijiya, wanda ban taɓa kuskure shi da wani ba tun ina yaro.

Na yi ihu, ba wanda ya ji. Ga kiɗan ƙwarya, ga guɗa, ga gari na sowa don namu sun kai hari. Wata ma ta ture ni ta ce, "Tsoho, fita cikin mata!" Na san abu guda ne zai sa wurin nan ya yi shiru. Na kuma san abin da ke bayansa: kamyo, da arewa, da haƙoran Ciɗo. Na ɗaga kai na dubi Zalika. Kadidiya ta leƙo daga goyo tana tsotsar hannu, kanta na kaɗawa da rawar uwarta.

Sandar gidan gabas ni na kafa ta, na san kamu ɗaya ta shiga, kuma ruwa ya jiƙa ramin. Na rungume ta na jijjiga. Mai tsaron gidanmu, Sule, wani ƙaton ma'aikacin asibiti, ya juyo ya ce, "Kai Baba Illa, ka haukace?" Na ɗaga ta. Sandar bisa ta zame ta faɗi tim a bayansa.

Usur ya yi ƙara ya mutu. Kiɗa ya tsaya. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba a wurin da mutum dubu suke. Na ji ana ɗana bindiga daga rumfa, na ji takalma na gudu zuwa wajena. Na juya wa takalman baya na fuskanci matan, na yi magana da muryar da muke yi wa wanda ke ƙasa in bango ya fara zuba.

"Mata, kada wadda ta ɗaga ƙafa. Rijiya ce a ƙarƙashinku. Akwai mutum a ciki."

Gindin bindiga ya same ni a ƙeya. Na faɗi kunnena bisa ƙasa, kuma a nan kwance na ji yashi na zuba a ƙarƙashi, shaaa, ba ya tsayawa. Wani ya taka mini baya. Mata suka fara salati, na ga ƙafafu na shirin zabura, in kuwa suka zabura tare an gama. Na ɗago kai jini na shiga idona.

"Zalika! Bisa wan ubanki kike tsaye. Arzika. Ɗaya ɗaya, daga gefe, su ja ƙafa kada su ɗaga."

Ba ta taɓa jin labarin ba, amma ta sha jin sunan, don ina kiransa in zazzaɓi ya kama ni. Na ga fuskarta ta canza. Ta dubi ƙasa, ta ga tsagar. Sai ta yi abin da ni ban isa in yi tunaninsa ba. A rawarsu, mace ba ta fita fage sai zabiya ta kira sunanta cikin waƙa, haka suka saba tun suna 'yan mata. Zalika ta ɗauki waƙa a hankali.

"Azumi, fito a sannu."

Matan suka amsa, don bakinsu ya saba, "A sannu."

Azumi ta ja ƙafa, ta ja, ta haye tsagar.

"Kaltumi, fito a sannu."

"A sannu."

Jandarman da ke taka ni ya sassauta ƙafa. Ba wanda ya yi motsi a filin nan, har manyan rumfa sun miƙe tsaye. Ina ƙirgawa da baki, ina jin yashin da kunne. Salamatu. Kulu. Tsohuwar nan da tsagar ta fito ƙarƙashinta, ita sai da aka kira ta sau uku, ƙafarta ta ƙi. Duk wadda ta fita amshin sai ya ragu daga ciki ya ƙaru daga waje. Har ya zama saura Zalika ita kaɗai a tsakiya, ba mai kiran sunanta. Kadidiya ta fara kuka.

Na ce wa Sule ya kama bakin sandar bisa. Bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa. Ya zagaya da ita ta wancan gefe, ni na riƙe wannan ina kwance rub da ciki, muka gitta ta bisa wurin kamar yadda ake gitta itace a bakin rijiya. Na ce, "Riƙe da hannu biyu. In ƙasa ta tafi kada ki saki, ko me kika ji." Ta sunkuya ta kama. Taku biyar ne tsakaninmu. Na haƙa rijiya ta gaba ashirin ban ji nisan da na ji a taku biyar ɗin nan ba. Da ta iso na damƙi zanen goyon na fizgo su duka biyu, muka zube a kan layin toka.

Ƙasa kuwa ta tsaya yadda take. Shiru. Ga sawun lalle, ga ƙwarya guda da aka bari a tsakiya, ba abin da ya faru.

Mushe Alƙasum ya iso, manyan Yamai na kallonsa. Ya ce, "Ina rijiyar?" Ya ƙara ɗaga murya don rumfa ta ji. "Na ce ina rijiyar? Wa ya aiko ka ka ɓata fet?" Aka ɗaga ni tsaye, aka fara ɗaure mini hannu. Na ga ya buɗe littafin, na ga idonsa ya wuce ni ya sauka kan Zalika, ya wuce ta yana neman Manzo cikin taro.

Na ce, "A ba ni sandar nan."

Wani daga cikin manyan ya ɗaga hannu aka sake ni. Na ɗauki sandar da na tuge, na tsaya a bakin tsagar. Shekara talatin da huɗu ba wanda ya taɓa murfin nan, kuma ni aka bar wa amanar in sabunta shi. Na ce a raina, Yaya, ka yafe mini. Na daka sau ɗaya, ba komai. Na daka na biyu, ƙwaryar ta gangara kaɗan. A na uku sandar ta wuce kamar na soka ta a fura, ta kuɓuce daga hannuna, wurin duka ya tafi lokaci guda. Ba wata babbar ƙara, wani dogon numfashi ne, sai ƙura mai sanyi ta taso ta rufe mu. Da ta lafa na leƙa gefen ramin. Itatuwan babanmu ba abin da ya rage sai ɓawo, gara ta cinye cikin. Kaurin ƙasar da ta ɗauki matan nan bai kai taƙi ɗaya ba.

Ba a ƙarasa wasan ba. Kada ka zaci an gode mini. Washegari Mushe ya zo da sarƙarsa ya auna daga tsohon turken da ya binne, ya samu taku goma sha biyu, ya samu abin da zai wanke kansa da shi: da ba a matsar da fili ba, da mata ba su tsaya nan ba. Abin haushi, gaskiya ya faɗa. Wata huɗu aka yanke mini, kuma ba a kai ni arewa ba, don akwai aiki a gida. Mu fursunoni aka sa cike rijiyar. Kwana goma sha tara ina ɗauko duwatsun Adar a kai ina jefawa, ina jin saukarsu. Abin da kakannina ba su taɓa yi wa mamaci ba, ni na yi wa wana, da mai bindiga a bayana yana cewa in yi sauri.

An sake ni da sanyi. Manzo ba a taɓa shi ba, alhamdu lillahi. Zalika ce ta zo ƙofar gidan kaso ta tarye ni, da fura a ƙwarya, Kadidiya har ta fara rarrafe. Muka biyo ta gefen filin. An mayar da sanduna inda sarƙa ta ce, samari na ta guje-gujensu a bisa wurin, wani ne ke ja musu toka yanzu. Muka zauna gindin tsamiya na sha furar. Ta bar ni na shanye tukuna.

Ta ce, "Baba, in tambaye ka?"

"Tambayi."

"Ranar nan da ka kama hannuna ka ce in kai ka gida. Da na bi ka, da ka gaya wa sauran?"

Na dubi ƙwaryar. Na ce rana ta yi, mu tafi. Ta ɗauki 'yarta ta goya, ba ta sake tambaya ba har ta koma ga Allah, ko sau ɗaya, kuma ba ta taɓa rage mini komai na ladabi ba. Amma daga ranar, in zan yi mata magana sai ta dubi bakina tukuna, kamar mai duba ƙasa kafin ta taka.

Azumi tana nan da rai, jikokinta goma sha ɗaya, duk Salla sai ta aiko mini da tuwo wai ni na cece ta. Ina karɓa, ina ci. Amsar kuwa na san ta tun a gindin tsamiyar. Da Zalika ta biyo ni, da na riƙe hannunta mun tafi gida, ban waiwaya ba.